Safar Hannu: Aikin Yana Wajen Ta Biyu

Daren da Yayana zai tafi karatu Rasha ban runtsa ba. Lokacin ana kiran ƙasar Tarayyar Sobiyet, kuma iyakar abin da muka sani game da ita a gidanmu shi ne sanyinta na iya cinye wa mutum yatsa. Kowa ya kawo tasa gudummawar. Inna ta daka masa yaji da kuka da daddawa, Baba ya kira shi ɗaki ya ba shi abin da ya ba shi, ni kuwa da ba ni da ko kwabo na ce zan saƙa masa safar hannu. Ina 'yar shekara 15, na iya hular jarirai, na iya ɗan mayafin da ake rufa wa rediyo, don haka gani nake babu saƙar da za ta gagare ni. Ta farko na yi ta cikin mako guda, a tsanake, ina yi ana hira a tsakar gida. Ta biyun kuwa na yi ta cewa gobe, gobe, har ya rage kwana ɗaya. Na zauna gaban fitilar ƙwai ina saƙa ina share hawaye, ina jan zare kamar da shi muke faɗa.

Da asuba na miƙa masa. Ya zura ta dama, ta zauna masa ɗas. Ya zo zura ta hagu, ta tsaya a gindin yatsu ta ce daga nan ba ta gaba. Goggo, wadda ita ta koya mini riƙon kwarashi, ta karɓe su ta haɗa baki da baki, ta ɗaga su sama kowa ya gani, ta ce: "Ke 'yar nan, tagwaye aka sa ki, kin haifo mana kishiyoyi." Yaya ya yi dariya, ya ce, "Bar su, Goggo, ai hannun nawa ma ba ɗaya ba ne," ya tura su cikin akwati.

'Ya'yana, dalilin wannan labarin nake rubuto muku. Na ga saƙar kwarashi ta dawo hannun 'yan mata, kowa da wayarta tana bin bidiyo a YouTube, kuma da hunturu ya ƙarato sai tambaya ta yi yawa: wace saƙa ta dace da mai koyo? Ni dai amsata safar hannu, irin mai aljihu ɗaya da yatsu huɗu ke zama tare, babban yatsa kuma a nasa ɗakin. Ba ta cin zare, ba ta cin lokaci, kuma a cikinta akwai kusan duk abin da mai saƙa za ta buƙata nan gaba: saƙa a miƙe, saƙa a zagaye, ƙari, ragi, barin kafa, rufe baki. Sannan tana da wani hali da hula ba ta da shi. Hula in ta fito babba sai a ba mai babban kai. Safa kuwa biyu ce, kuma dole ta biyu ta yi kama da ta farko. A nan ake gane wadda ta iya da wadda sa'a ta taimaka.

Zan yi ta cewa "ki", don yawancin masu tambayata mata ne, amma samari kada ku ja baya. A ƙasar Hausa maza ne ke zaman masaƙa, maza ne ke yi wa babbar riga aiki da allura. Wanda kakansa ya ƙare rayuwarsa a kan aska takwas ba shi da dalilin jin kunyar ɗan ƙarfe mai ƙugiya.

Ita kalmar kwarashi asalinta Faransanci ce, ma'anarta ƙaramar ƙugiya. Sana'ar ba ta kai saƙar tsinke biyu tsufa ba: bayanin yadda ake yin ta mafi daɗewa da aka sani a buge ya fito ne a wata mujallar ƙasar Holan mai suna Penélopé a 1823. Da yunwa ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, mata da yara da yawa da leshin kwarashi suka riƙa samun abin sawa a baki. Abin da ya sa ta fi sauƙi ga mai koyo shi ne madauki ɗaya tak ke raye a kan ƙugiya. Mai tsinke biyu in tsinkenta ya zame, idanun saƙa talatin ne za su zube mata a cinya. Ke kuwa in an ƙwala miki kira daga kicin, ja madaukin nan ɗaya ki tsawaita shi, ki ajiye, ki dawo ki tarar da aikinki yadda kika bar shi, in dai ba ƙaninki ya biyo ta wurin ba.

Me ya sa mai aljihu ɗaya, ba mai yatsu biyar ba? Sauƙi na ciki, amma ɗumi ya fi. Yatsu in suna wuri ɗaya suna ɗumama juna, kamar yara a kan tabarma ɗaya cikin bargo ɗaya, kuma fuskar da iska ke bugu ta ragu. Mutanen ƙasashen ƙanƙara sun daɗe da sanin haka, shi ya sa safar nan ta shiga al'adarsu har ta kai ga aure. A Latbiya a da, amarya kan tara su a akwatinta tun tana budurwa, ta raba wa dangin ango ranar biki, kusan yadda muke kai gara. Da aka yi taron ƙungiyar NATO a birnin Riga a 2006, saiti 4,500 aka saƙa don baƙi. A Selbu ta ƙasar Norwe, wata yarinya mai suna Marit Emstad ce ta fara saƙa masu zanen baƙi da fari a 1857, zanen ya zama tambarin garin har yau. Waɗannan duk na tsinke ne, masu ado da wuyar yi. Tamu ta kwarashi ƙanwarsu ce mai sauƙin kai.

Sai dai kafin ki sayi zare ki tambayi kanki wa za a saƙa wa, kuma wane sanyi za ta tara. Sanyin Kano ko Katsina a watan Janairu, lokacin da yara ke fita makarantar asuba hannu a hammata, safar zaren kasuwa ta ishe shi. Haka na Jos, da ke bisa tudu sama da mita 1,200, ko da yake can tsofaffi za su so mai kauri. Amma wanda zai tafi Mosko ko Kanada, inda sanyi kan sauka digiri 20 ƙasa da sifili, kada ki yaudare shi. Saƙar kwarashi tana da ƙananan kafofi, iska mai ƙarfi na ratsa su. In har za ki yi masa, ki yi da ulun tumaki na gaske, ki matse saƙar, ki ɗinka mata shafi mai laushi daga ciki. Ɗan acaɓa kuwa, duk da shi ne ya fi kowa shan iskar safiya, kada a ba shi irin wannan. Yana buƙatar yatsunsa a sake don birki da kuloci, zare kuma santsi gare shi a kan ƙarfe.

Batun zare yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Abin da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa bai taɓa ganin tunkiya ba. Akirilik ne, ɗan uwan roba, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su irin na awaki, ba sa ba da ulun saƙa. Ba na raina akirilik: yana da araha, yana jure wanki, ba ya ƙaiƙayi, kuma da shi nake so ki koya. Amma ki san halinsa da wuta. Ba ya tsayawa ga ƙonewa, narkewa yake ya manne wa fata. Mu kuwa mutanen kasko ne, da sanyi ya tsananta kowa hannunsa na kan garwashi. Ki gaya wa duk yaron da kika saƙa wa, ki kuma gaya wa uwarsa: a cire safa kafin a ji ɗumi.

Ulun tumaki ya fi ɗumi, yana iya shan laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta. In kina shakkar abin da mai kanti ya sayar miki, yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana a kan faranti. Na tumaki zai yi ƙaurin babbakar kan rago ranar Sallah, ya bar toka mai murmushewa. Na roba zai dunƙule ya zama ɗan baƙin dutse mai tauri. Hanya mafi araha ta samun na gaske ita ce gwanjo. Ki nemi tsohuwar suwaita mai kaurin zare, ki duba takardar wuyanta, ki juya cikinta: in gefunan haɗa su aka yi ba tare da an yanka ba, za ta warware miki zare mai tsawo; in an yanka an bi da keken ɗinki, guntaye kawai za ki samu. Zaren zai fito a nannaɗe kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Jiƙa shi a ruwan sanyi, rataye shi a inuwa, zai miƙe. Kada ki ji kunyar wannan. Safar da Sanata Bernie Sanders ya sa ranar rantsar da Joe Biden, 20 ga Janairun 2021, wadda hotonta ya zagaye duniya, wata malamar firamare ce a jihar Vermont ta ɗinka ta daga tsofaffin suwaitoci.

Ga mai koyo, a zaɓi zare mai matsakaicin kauri da launi mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idanun saƙa, ki yi ta laluben inda za ki soka. Giram 100 ya ishi saitin babban mutum. In siriri kika samu, irin na kayan jarirai da ya cika kasuwa, haɗa biyu ki saƙa su tare. Ki sayi abin da zai ishe ki a rana ɗaya daga kwali ɗaya, don ja na yau da ja na mako mai zuwa ba lallai su zo ɗaya ba. Kwarashi kuma mai milimita 5, ko 4 da rabi in hannunki sakakke ne. Sai almakashi, tef na tela, allura mai faɗin kafa irin ƙaramar basilla, da littafi da biro. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ba ni da su a daren tafiyar Yaya.

Wani ɗan abu da bidiyon Turawa ba zai gaya miki ba: hannun hunturu kaushi gare shi. Zare zai riƙa maƙalewa a fason yatsa yana tsigewa. Ki shafa man kaɗe tun da dare, da safe ki wanke hannu ki goge sosai kafin ki taɓa farin zare.

Yanzu awo. Kira mai hannun, ki sa ya ɗora shi a kan takarda, yatsu huɗu a haɗe, babban yatsa a ɗan buɗe, ki zagaye da biro. Sannan ki naɗa tef a tafin hannunsa daidai gindin yatsu, ban da babban yatsa. Na mace yakan zo wajen santimita 19, wato inci 7 da rabi, na namiji ya ɗara haka da biyu ko uku. Rubuta. Daga nan sai abin da kowace mai koyo ke ƙi: gwaji. Ki saƙa ɗan ƙyalle mai ido 20 da layi goma sha wani abu, ki shimfiɗa shi, ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. In 15 kika samu, to hannu mai santimita 19 yana son ido 28. In 13 kika samu, lissafinki daban ne da nawa, kuma naki ne daidai, tunda hannunki ne zai yi aikin. Na san za ki ce ɓata lokaci ne. Minti 20 ne. Warware safa guda kuwa yini ne, ga ɓacin rai.

Saƙa iri biyu kawai za ki yi amfani da su. Sarƙa, wadda kowa ke farawa da ita, da gajeriyar nan da ake ce wa singil: ki soka ƙugiya cikin ido, ki ɗauko zare, madauki ya zama biyu, ki sake ɗauko zare ki zaro shi ta cikin biyun. Shi ke nan. Ki kula da wani tarko a nan. Abin da Ba'amurkiya ke kira singil, shi 'yar Ingila ke kira dabul, alhali dabul ɗin Amurka wata doguwar saƙa ce daban mai manyan kafofi. In kina bin bidiyo, hannun matar za ki kalla, kada ki dogara da bakinta.

Daga wuyan hannu ake farawa. Yi sarƙa 11. Tsallake ta kusa da ƙugiya, ki yi singil a sauran goman. Sarƙa ɗaya, ki juya. In kika dubi saman layin da kika gama, za ki ga kowane ido yana da leɓe biyu, na kusa da ke da na nesa. A na nesa kaɗai za ki riƙa sokawa. Wannan 'yar dabara ita ke fitar da kunya-kunya kamar gonar dankali, ita ke sa wuyan ya miƙe ya bar hannu ya wuce, sannan ya koma ya kama. Ki ƙirga idanunki a ƙarshen kowane layi. Goma ne, goma za su zauna. Mai koyo takan manta da ido na ƙarshe don yana ɓuya a gefe, sai ta ga ɗamararta na tsukewa kamar wutsiyar ɓera. Wajen layi 26 ɗamarar za ta zagaye wuyan hannu in an ɗan ja ta. Haɗa bakin farko da na ƙarshe ya zama zobe. Rubuta yawan layin.

To, a nan zan ba ki shawarar da ta fi duk sauran, kuma ita ce wadda za ki fi jin ƙyuyar bi. Kada ki wuce. Ajiye wannan wuyan, ki ɗauko wani dunƙulen zaren, ki saƙa wuyan ta biyu yanzu, a zama ɗaya, da hannu ɗaya, da zuciya ɗaya. Haka za ki riƙa yi har ƙarshe: gaɓa a wannan, gaɓa a waccan. Dalili shi ne hannun mutum ba inji ba ne. Ranar da kike cikin nishaɗi zare sakwa-sakwa yake tafiya. Ranar da aka ɓata miki rai, ko kina sauri, ko jarrabawa na tafe, yatsunki za su matse shi ba ki sani ba. Mai koyo kuma hannunta sauyawa yake kullum, na ranar Asabar ba shi ne na Laraba ba. Ko da lissafin idanu ya zo ɗaya, girma na iya bambanta. Ni a daren nan abu biyu ne suka haɗu mini: ban san ido nawa na yi a ta farko ba, ga shi kuma kuka nake. Akwai kuma kasalar da ke kama mutum in ya gama ta farko, ya sa ta a hannu, ya nuna wa kowa, ya sha yabo. Daɗin ya riga ya ƙare, saura maimaici. Masu saƙa a Turai har suna suka ba abin, suna ce masa ciwon safa ta biyu. Ku leƙa kwandon duk wata mai saƙa, za ku tarar da marainiya aƙalla guda.

Mu koma ga aiki. Juya zoben, ki bi gefensa da singil, ɗaya a ƙarshen kowane layi, ki ƙara biyu a hanya su cika 28. Daga nan babu sauran juyawa, zagaye za ki yi ta yi kamar ana naɗa gammo. Tunda babu alamar inda zagaye ya fara, rataya guntun zare mai wani launi a ido na farko, ki riƙa matsar da shi sama duk zagaye. Kada ki ce za ki riƙe a ka. Sallama ɗaya za a yi a ƙofar gida lissafin ya tashi.

Bayan zagaye biyu sai a fara yi wa babban yatsa wuri, don hannu a nan yake faɗaɗa. Ƙari ba wani abu ba ne illa singil biyu a ido ɗaya. Ki yi ƙari biyu kusa da juna a gefe guda, zagaye na gaba ki wuce ba ƙari, na gabansa ki sake, kullum a gefen nan, har idanu su kai 36. Za ki ga wani ɗan kusurwa yana fitowa kamar hancin buta. Zura hannu ki gwada. Wannan ma wata falala ce ta kwarashi, ana iya gwada aiki a jiki yana kan ƙugiya. In saƙar ta kai mararrabar babban yatsa da manuni, lokaci ya yi. Ki tsallake idanu 10 na kusurwar, ki yi sarƙa 2 a matsayin gada, ki ci gaba a ido na gaba. Kin koma 28, ga kuma kafa a gefe tana jiran yatsa.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin hutawa: zagaye a kan zagaye, ba ƙari ba ragi, har saƙar ta rufe kan ƙaramin yatsa. Zai kai zagaye 13 ko 14. Nan ne ake saƙa ana sauraron rediyo. Amma duk zagayen da kika gama ki ja ɗan layi a littafi, irin yadda mai kai nono ke yi a bango.

Ragi kishiyar ƙari ne. Soka a ido ki ɗauko zare, soka a na gaba ki ɗauko, madauki uku ke nan, ki zaro zare ta cikinsu duka, biyu sun zama ɗaya. Ki yi haka sau huɗu a kowane zagaye, a rarrabe daidai: 24, 20, 16, 12, 8. Da kin kai takwas ki yanke zare ki bar jela mai tsawon taƙi, ki zura ta a allura, ki bi idanun nan ɗaya bayan ɗaya, ki ja kamar bakin jakar kuɗin tsofaffi. Tura allurar ciki ki ɗaure daga can. Da yake ragin a rarrabe yake ko'ina, babu ta dama babu ta hagu, kowacce na shiga kowane hannu. Wannan sauƙi ne babba ga yaron da ke shirin makaranta cikin duhu.

Babban yatsa shi ne inda ake gane aikin mai haƙuri. Ɗaura sabon zare a bakin kafar, ki bi idanu goman da kika tsallake, da biyu na ƙarƙashin gada, 12 ke nan. A kusurwoyi biyun da gada ta haɗu da jiki, rami yakan buɗe, ƙarami amma daidai inda iska ke so. Ki ɗauko ƙarin ido ɗaya a kowace kusurwa, a zagaye na gaba ki rage su. In duk da haka ya bar 'yar kafa, jelar zaren da kika fara da ita tana nan, ki ɗinke da ita daga ciki, babu wanda zai sani. Wurin matsattse ne, ƙugiya za ta riƙa karo da yatsunki, za ki ji kamar ki yi jifa da abin. Zagaye takwas ko tara ne kawai. Da ya rufe farce ki rage biyu-biyu su koma shida, ki tsuke.

In kin hango kuskure zagaye biyar a baya, warware. Zare ƙugiya ki ja zaren, zai taho da kansa. Goggo takan karɓi aikin yini guda ta zuge shi a gabana tana ba da labarin wani abu daban, ko kallona ba ta yi. A lokacin ina ganin mugunta ce. Amma zaren bai rage ko taƙi ba, kuma karo na biyu yakan ɗauki rabin lokacin na farko. Tela in ya yanka shadda ba daidai ba, sai dai ya biya. Mai kwarashi ba ta da wannan asarar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ga kuskure a rufe ido a ce wanki zai gyara. Wanki bai taɓa mayar da ido 26 ya zama 28 ba.

Jelolin zare kada a yanke su a gindin ƙulli, za su kwance a wankin farko. A zura su a allura a bi ta cikin saƙa daga ciki, santimita huɗu gaba, a juyo baya kaɗan, sannan a yanke. In ta jariri ce, wadda ake yi ba babban yatsa don kada ya yagi fuskarsa, a nan ne za ki ninka kula. Juya cikinta ki duba da kyau, kada a bar ko silin zare ɗaya a sake, don yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu, jariri kuma ba shi da bakin faɗa sai kuka. Kada kuma a haɗa biyun da doguwar igiya ta bayan wuya. Wanki kuwa, akirilik ba ya da fushi. Ulun tumaki ne ba ya son ruwan zafi da cuɗa: zai ƙanƙance ya cure, safar uba ta koma ta ɗa. Ruwan sanyi, a matsa a hankali, a shimfiɗa a inuwa.

In kin gama, haɗa su tafi da tafi yadda Goggo ta yi, ki ɗaga su sama ki duba da kanki kafin wani ya duba miki. Takardar awon da lissafin kuma ki adana su, ki rubuta sunan mai hannun da irin zaren da lambar kwarashi. Baɗi in an ce a sake, ko ɗaya ta ɓace a makaranta, kuma za ta ɓace, ba sai kin fara daga farko ba.

Yaya ya yi shekara shida a can. Wasiƙarsa ta farko ta ce tun makon da ƙanƙara ta fara sauka ya sayi ta fata mai gashi a ciki, don tawa iska na wucewa ta cikinta kamar rariya. Babbar ya mayar da ita abin sauke tukunya a kicin ɗin ɗalibai, har ta narke a gefe guda. Ranar da ya dawo ana buɗe akwati a tsakar gida, kowa na jiran tsarabarsa, sai ga ƙaramar ta faɗo, ta koɗe, bakinta a tsuke da zaren takalmi. Goggo ta ɗauka ta girgiza, ta ji ƙara. Carbinsa ne a ciki.